Naman da Ya Ƙi Bushewa a Garki

Ladan bai rufe baki daga kiran assalatu ba muka gama ɗaure kaya, muna idar da sallar asuba kuma muka nufi tasha, ni da taubashina. Tun da na dawo Katsina mutane ke tare ni a bakin shagona suna tambaya, "Tela, yaya Abujar take? Da gaske ne titinta ya fi filin Idi faɗi?" Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sai dai ku yi mini haƙuri, zancen titi kaɗan ne a ciki. Yawancinsa labarin zafi ne da nama.

Taubashin nan nawa ɗan kawuna ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, har furfura ta fara cin gemunsa. Mahauci ne ɗan mahauci, kuma a unguwarmu in ana zancen kilishi ba a tsallake ƙofar gidansu. Tun ina yaro kowannenmu ke kiran ɗan'uwansa bawansa, har yau ba a raba gardamar ba. Ban taɓa gaishe shi ba tare da na haɗa da tsiya ba, shi ma bai taɓa barin bashi ya kwana ba.

Abin da ya tashe mu kuwa, tun da gwamnati ta kwashe kayanta daga Ikko ta tare a Abuja, wani ɗan garinmu da ya buɗe shagon tireda a Garki yake ta aiko masa da saƙo ta bakin direbobi. Wai ma'aikata sun cika gari, ga albashi a aljihu ga kwaɗayi a baki, amma babu mai yi musu kilishin kirki. Ya zo ya gwada, in hannunsa ya karɓu akwai fili a gefen shago. Kasuwar gida kuwa ta yi sanyi, ga iyali sun yi yawa. Matsalar ita ce jari. Shanun huɗa biyu gare shi, da su yake noma gonar gadon da ke ciyar da gidan, sai ya kama ɗaya ya kai kasuwa. Matarsa ta yi magana, ni ma na yi, domin ko yaro ya san garmar shanu ba ta tafiya da sa ɗaya. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, yanzu bazara ta kama, damina da sauran nisa, kafin hadari ya fara haɗowa ya juya kuɗin ya mayar da sa a turkensa, wataƙila ma wanda ya fi na da. Ni dai na bi shi ne don in ga gari, kuma don kada a ce bawana ya ɓata a birnin gwamnati ina zaune.

Fijo muka samu, irin mai cin mutane har a bayan baya. An ɗora mana gadajen karan da zai yi shanya a kansu a saman mota, buhun tunkuza da ƙullin kayan yaji kuma aka cusa su ƙarƙashin ƙafafunmu. Kafin mu kai Malumfashi citta da barkono sun gama gaisawa da hancin kowa. Wata dattijuwa da ke gabanmu ta yi atishawa har ta gaji da cewa alhamdulillahi, ta juyo ta ce in miya za mu kai wa gwamnati mu faɗa mata ta ba da gudummawar daddawa.

Zafin wannan yankin namu na san shi kamar yadda na san allurar kekena. Yana dukanka kamar ka leƙa bakin tanda, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, amma yana da kunya, in ka shiga inuwa sai ya sake ka. Gonaki duk a share suke, fari fat, awaki na bin gindin bishiya suna lasar ƙasa. A Funtuwa muka tsaya muka karya da waina da shayi. Na jiƙa hulata a bakin famfo na mayar a ka, kafin direba ya gama sakace ta bushe ƙarau. Taubashina ya ɗaga kai ya dubi rana ya yi murmushi irin na wanda ya ga abokin cinikinsa. A wurin mai kilishi bazara ita ce kakarsa.

Daga Zariya zuwa Kaduna babu abin da ya canza sai yawan motoci. Kogin Kaduna ya janye ya bar duwatsu a fili, masu wanki sun baza kaya a kansu. Amma muna hawa sabon titin nan mai hannu biyu da ya nufi kudu, sai ƙasar ta fara sauya fuska. Itatuwa suka yi tsawo, wasu har sun fitar da sabon ganye, mangwaro ko'ina a bakin hanya an tsibe shi a faranti, araha kamar a ce ka ɗauka don Allah. Iskar da ke shigowa ta taga kuma ta yi nauyi. Ban lura da lokacin da abin ya fara ba, na dai ji rigata ta manne a bayana ta ƙi saki. A Tafa muka ci doya da miyar ja, mai abincin ta caje mu kamar da naman raƙumi ta dafa, na ce mata ko kuɗin inuwar rumfar ne ta haɗa, ta ce ai ita inuwar ta fi doyar tsada.

A wannan hanyar ne muka yi ta cin karo da garken Fulani suna bin gefen titi, mata da ƙore a ka, an ɗaure 'yan maruƙa a kan jakai, duk fuskarsu arewa. Direbanmu ya ce in ka ga sun juyo haka, ruwa ne ya taso su daga kudu. Taubashina ya yi dariya ya ce, "Ruwa a wannan watan? Direba, ko dai rana ta taɓa ka?" Kowa ya yi dariya, har da ni. Da muka iso Dutsen Zuma, wanda ake cewa yana da fuskar mutum, fasinjoji suka yi ta nune-nune, wannan ya ce ga ido, wancan ya ce ga baki. Na tambayi mutumina ko ya ga fuskar, ya ce shi ba abin da ya gani sai wurin shanya da aka bari a banza.

To, ga amsarku masu tambaya. Titin Abuja yana da faɗi, ba ƙarya. Sai dai faɗin ne ma abin tsoro, domin babu inda za ka raɓe. An sare itatuwan da aka tarar, an dasa sababbi a jere, kowanne an ɗaure shi da sanda, inuwarsa ko kaza ba za ta isa ba. Duk inda ka duba gini ne ke tashi, jar ƙasa a tone, manyan motoci na kai da kawowa. Kwalta ta yi laushi har tana riƙe takalmi. Garki kuwa unguwanninta ba su da suna sai lamba, Eriya kaza, Eriya kaza, gidajen kuma duk uwa ɗaya uba ɗaya. Muka yi ta zagaye da gadajen kara a ka kamar masu tallar katifa, sai da wani mai sayar da rake, Bazazzagi, ya ji Hausarmu ya gane 'yan ina ne, ya nuna mana shagon ɗan garinmu.

Mai masaukinmu ya karɓe mu hannu bibbiyu, Allah Ya saka masa. Ya ɗebo mana ruwa daga randar da ya taho da ita tun daga gida. Na kafa kai ina jiran sanyin nan da ke sauka har ƙirji, sai na ji ruwa salam, kamar wanda aka ajiye don alwalar tsoho. Ya ga fuskata ya yi dariya ya ce, "Ba laifin randar ba ne. Tun da muka zo garin nan ta daina aiki a wannan lokacin." A nan na fara gane cewa zafin Abuja wani iri ne daban. Bai kai namu ƙuna ba, amma ba ya sakin mutum. Ka shiga inuwa ya bi ka. Ka yi wanka, kafin ka sa riga wani wankan ya same ka. Gumi ba ya bushewa, sai dai ya yi ta bin jiki kamar an shafa maka man gyaɗa. Ɗakin da ke bayan shagon rufin kwano ne, in an ɗauke wuta fanka ta tsaya, sai ka ji kamar an kife ka da tukunya.

Na tausaya wa mutanen garin ƙwarai, domin kusan kowa baƙo ne, kowa kuma da dabarar garinsu ya zo, dabarar ta ƙi aiki. Mu 'yan arewa mun zo da randa da kwanan tsakar gida, muka tarar randa ta yi yaji, gidajen kuma benaye ne marasa tsakar gida. Akwai wani Bayarabe ma'aikacin gwamnati da ke zama a bencin shagon in ya taso aiki, ya cire taye ya rataya a wuya kamar tawul. An taso shi daga Ikko, iyalinsa na can ba su biyo shi ba tukuna. Hausarsa ta tsince-tsince ce amma tana isar da saƙo. Ya ce a can ko zafi ya kai ina, da yamma teku na turo iska, nan kuwa duwatsu sun kewaye gari suna ajiye zafin rana suna sako shi bayan magariba. Ɗakinsa a saman bene yake, ya ce katifarsa ma ya jingine ta, siminti yake yayyafa wa ruwa ya kwanta. Na ga leburori suna ɗaukar kwanon kankare da tsakar rana, sun naɗa takardar buhun siminti a ka. Na ga wata mai sayar da ruwa da goyo, bayan jaririn duk ƙurajen zafi, tana yi masa fifita da murfin bokiti. Babu wanda ke magana sai ta sama, yaushe za a samu sauƙi.

Shi kuwa taubashina wannan duk daɗi yake masa. Washegari muka fita bayan gari neman san yanka, inda wasu Fulani suka yada zango. Mai shanun ya ce daga wajen Abaji suka taso, sun baro ruwa ya fara sauka a can, ƙudan tsando zai biyo baya, shi ya sa suke gaba. Da ma mai masaukinmu ya ba da shawara tun kafin mu fito, a je kwata a sayi cinya ɗaya a gwada tukuna a ga yadda garin zai karɓa. Taubashina ya ce gwaji na ɗan koyo ne. Sa sukutum ya fi sauƙi a hannun Bafulatani mai sauri, kuma irin wannan rana asara ce a bar ta ta faɗi ba a shanya komai ba. Ya miƙa bayan hannunsa a rana ya ce mu taɓa mu ji. Haka ubansa ke auna ranar shanya, haka kakansa, kuma a Katsina ma'aunin bai taɓa yi musu ƙarya ba. Ya zaɓi wani jan sa mai cikar cinya, ya zazzage kusan duk abin da ke lalitarsa. Aka kai kwata aka yanka, ya sayar da kai da ƙafafu da kayan ciki ga masu dafa abinci, tsokar kuma muka kwaso.

Duk tsiyar da nake masa, in ya riƙe wuƙa bakina mutuwa yake yi. Zai ɗauki curin tsoka ya ɗora a cinya, ya yi ta warware ta a hankali kamar yadda nake warware bandir ɗin yadi, har ta zama falle ɗaya mai faɗi, siririya, kana hango hasken rana ta cikinta, ba huda ko ɗaya. Leburori suka bar aiki suka zo kallo. Bayaraben nan ya tsaya ya riƙe ƙugu ya ce, "Oga mai nama, wannan na injin ko na hannu?" Muka kafa gadajen kara a wani fili bayan shago, kusa da ramin da aka tona na harsashin gini, muka shimfiɗa nama har ya rufe su kaf. Ni aka ba aikin korar ƙuda, wai daidai da matsayina.

A gida, irin wannan shanyar ta hantsi kafin azahar ta yi ƙarau, in ka ɗaga falle sai ka ji yana ƙara. Azahar ta yi, taubashina ya taɓa, ya ji da saura. La'asar ta yi, ya sake taɓawa, naman na naɗewa a yatsa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya dubi rana, ya dubi nama, ya ce, "Ga rana, ga zafi, to mi ya hana?" Mai masaukinmu ya ce, "Iskar ce, Malam. Ruwa ne a cikinta. Abin da ya hana rigarka bushewa shi ya hana naman." Taubashina ya fara naɗe naman. Muka tattara muka shigar ɗaki, ranar ko tsokanata bai yi ba, ni ma na ja bakina.

Da gari ya waye muka sake bazawa. Wajen hantsi naman ya ɗan yi ƙarfi, ba yadda ake so ba, amma ya ce in aka ƙara jira zai fara wari. Ya dama labu, wato kunun tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki, ya tsoma falle-falle ya mayar kan kara. Saura shanya ta biyu, sai a nuna wa wuta, shi ke nan kilishi ya tashi. Ƙanshi ya cika Eriyar, har ma'aikata suka fara aiko da cigiya.

Ranar nan ban taɓa jin zafi irinta ba, kuma ni ɗan Katsina ne. Ko ganye ba ya motsi. Sama ta yi fari fat ba gajimare ko ɗaya, numfashi ma sai ka yi da ƙarfi. Karnuka sun shige ƙarƙashin manyan motoci sun zaro harshe. Bayan azahar wata Bagwariya mai sayar da itace ta zo wucewa, kayanta a kafaɗa yadda suke ɗauka, ta tsaya ta dubi shanyarmu ta dubi gabas, ta ce, "Mai nama, kwashe nama naka. Ruwa tana zuwa yau." Taubashina ya ce, "Inna, a garinmu ko mai mafarki ba ya ganin ruwa yanzu." Ta ce, "Nan ba garinku ba ne," ta gyara kayanta ta wuce. Na ga ya ɗaga kai ya daɗe yana duban sama. Da akwai ko ƙyallin hadari na tabbata da ya kwashe. Amma babu, kuma in ya kwashe naman da labu jiƙe a jikinsa ya tara a ɗakin kwano, ya san abin da zai tarar. Ya ce a bar shi ya ƙara shan rana zuwa bayan la'asar.

Muna cikin sallar la'asar a ɗan masallacin bakin kasuwa abin ya zo. Da farko wata iska mai sanyi ce ta shigo ta taga ta shafi wuyana, har na ji daɗi. Sai haske ya ɗauke kamar an rufe ƙofa. Sai kwanon rufi ya fara kaɗawa, muna jin faranti da bokitai na gudu a waje. Taubashina na gefena a sahu, duk yana ji, amma bai yanke sallarsa ba. Liman na yin sallama ya fita ba takalmi, na bi shi.

A gida hadari yakan yi sallama, ya haɗu, ya yi ta gurnani, mata su kwashe shanya, a kama awaki. Wannan bai yi ko ɗaya ba. Kafin mu kai filin iska ta riga ta kifar da gadajen, naman na tashi sama kamar wanki, wani ya maƙale a waya, wani ya faɗa ramin gini. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Nan da nan jar ƙasar nan ta zama kunu.

Abin da ba zan manta ba shi ne murnar mutane. Yara sun fito tsirara suna tsalle. Leburori sun jefar da kwanoni sun ɗaga fuska sama. Bayaraben nan ya fito daga shi sai singileti ya buɗe hannuwa yana dariya kamar an ce masa iyalinsa sun iso. Kuma wallahi suna da gaskiya, sun sha wuya, sauƙi ne Allah Ya kawo musu. A tsakiyar wannan murnar ga dattijo durƙushe cikin taɓo yana tsintar nama yana tarawa a gaban rigarsa, labu na bin hannunsa yana zuba. Na buɗe baki, tsiyar da na saba ta ƙi fitowa. Abin da na ji na ce shi ne, "Yaya, tashi, bari in tsinta." Tun da aka haife ni ban taɓa kiransa haka ba. Bai ko ɗago ba.

Bayaraben ne ya fara lura. Dariyarsa ta tsaya, ya rugo ya shiga taɓon da wandonsa na ofis. Leburori suka biyo, wani ya dira cikin ramin yana miƙo abin da ya samu. Har Bagwariyar nan, ban san daga ina ta ɓullo ba, ta zo da ƙwaryarta tana tayawa, kuma ko sau ɗaya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Na gode mata a kan wannan fiye da tsintar.

Washegari gari ya tashi luf, sama a rufe, yayyafi na sauka jefi-jefi. Kowa fuskarsa a sake, randar mai masaukinmu ma ruwanta ya yi sanyi. Mu kuwa muna rumfar bayan shago mun hura gawayi, mun wanke abin da ke wankuwa muna ƙoƙarin busarwa a kan wuta. Amma naman da ya kwana biyu bai bushe ba, ya sha labu, ya sha taɓo, ba wutar da za ta dawo da shi. Tunkuzar ta yi tsami. Ya riƙa ɗauka falle-falle yana kaiwa hanci, kaɗan ya ajiye dama, mafi yawa hagu. Wani mai shago a kusa ya matso ya ce a ƙara barkono a gasa sosai, 'yan Ikko ba za su gane ba. Taubashina ya dube shi ya ce, "Su ba za su gane ba, ni fa?" Muka haƙa rami muka binne na hagun.

Ɗan abin da ya tsira ya gasa shi, kuma ko a haka ya yi daɗi. Bayaraben ya saya ya ci a tsaye, idonsa na ruwa saboda yaji, ya ce a ajiye masa wani zai kai wa matarsa. Kafin yamma ya ƙare. Abin da aka samu, in an cire kuɗin mota, ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. Mai masaukinmu ya ce filin na nan ba zai ba kowa ba, ya dawo bayan damina in iska ta bushe, lokacin garin yakan yi shanya kamar gida. Magana ce ta alheri, ya kuma yi godiya. Sai dai tsakaninsa da bayan damina akwai daminar kanta.

Mun juyo da sassafe, gadajen kara ma mun bar su a can. Hanya duk ta sauya cikin 'yan kwanakin nan, ciyawa ta tsattsafo kore shar a gefen titi, manoma sun fita da fartanya. Haka muka yi ta gani har kusa da Kaduna, daga nan koren ya fara raguwa, kafin Zariya ya ɓace, muka koma cikin farar ƙasa da busasshiyar iska. Rigata ta bushe a jikina, leɓena ya fara tsagewa, na ji na dawo gida. Shi kuwa tun da muka taso fuskarsa na taga. Na saya masa rake a Funtuwa, ya riƙe a hannu har muka iso bai sha ba. Na san lissafin da yake yi. Ruwan da muka baro a baya ba tsayawa zai yi ba, yana nan tafe a hankali, kuma zai iso ya tarar da sa ɗaya a gidansa.

In kun tambaye ni abin da na koyo, ba mai yawa ba ne. Na koyi cewa zafi ba iri ɗaya ba ne, kuma sanin da mutum ya gada na ƙasar da ya gada ne, in ya tsallaka wata sai ya tambayi masu ita, ko da mai itace ce. Amma ba na ganin wautarsa. Duk wanda na gani a garin nan irin kuskurensa yake yi, kowa da ma'aunin gidansu a hannu, nasa ne kawai ya zo da tsada. Ku da ke shirin tafiya neman arziki a sabon birni, ku je, akwai samu. Ku dai tafi da kunne tare da jari.

Bayan la'asar muka sauka. Na raka shi har gida. Dattawan unguwa na zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidansa suna fifita, suna ganinmu suka yi caa, domin a wannan lokacin duk wanda ya fito daga kudu tambaya ɗaya ake fara yi masa. "A ina kuka baro ruwa?" Na ce an yi a Abuja, mai yawa, kuma ya kusa Kaduna. Wuri ya ɗauki hamdala, wani ya ce to a fara gyaran garma, bana da wuri zai zo. Wani tsoho maƙwabcinsa, wanda bai san komai ba, ya kama hannunsa da fara'a ya ce, "Ashe har kun sha ruwan fari. Sannunku. Yaya ruwan?"

Na sunkuyar da kai. Na ji ya ba da amsar da aka koya wa kowane ɗan Bahaushe, wadda ba a canza ta ko gidanka ruwan ya rushe.

"Ruwa ya yi gyara," in ji shi.

Ya saki hannun tsohon ya shiga gida. Ta zaure na hango shi, bai nufi ɗaki ba, wajen turke ya wuce, ya ɗebi ruwa ya ba san da ya rage, ya tsaya yana shafa masa wuya. Washegari da zan tafi shago na gan shi a maƙera, ya fito da tsohuwar garmar hannu ta kawu ana sa mata sabuwar ƙota.